Babi na Shida: Awon Kufai a Kwarin Komadugu

Wanda ya taso daga N'Guelbély ya nufi kudu zai yi ta ratsa tuddan rairayi da kwaruruka masu goruba da dabino da kanwa, har ya faɗo wajajen Maine-Sorowa. Daga nan ƙasa takan fara yin duhu, itatuwa su ƙaru, sai ga gonakin tattasai, sai ga kogin Komadugu Yobe. A yau kogin nan iyaka ne tsakanin Nijar da Nijeriya, yana tafe gabas, ya bi ta gefen garin Diffa, ya je ya zuba a Tafkin Cadi kusa da Boso. Shekaru 500 da suka wuce kuwa babu wanda zai kira shi iyaka. Cibiyar daular Barno ce ke bakinsa.

Wajajen shekarar 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a tsallaken kogin, kimanin kilomita 30 gabas da garin Gaidam na jihar Yobe ta yanzu. Sarakunan Sefawa sun zauna a cikinsa fiye da shekara 300. Daga nan Mai Idris Aloma ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 16, daga nan ayari ke tashi ya bi ta Kawar zuwa Fezzan da Tarabulus. A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar ta ci birnin, kuma ba a jima ba aka watse aka bar shi. Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814, sarauta ta koma can. Baturen nan Dixon Denham ya bi ta kufan a 1823, lokacin da ya raka yaƙin da Shehu ya kai wa Mangawa, ya iske ganuwa a tsaye da gine-ginen jan bulo, ya kuma ga ragowar masallaci a Gambaru, gidan sarautar da ke bakin ruwa ba nisa da birnin. Heinrich Barth ya biyo ta wurin a 1852 a kan hanyarsa ta zuwa Damagaram. Abin da ya rage yanzu shi ne tudun ganuwa mai kewayen da ya haura kilomita 6, da tarin karyayyen bulo a tsakiya inda fada take.

A ɓangaren Nijar ma akwai ɗan'uwansa. Kusa da Ngigmi akwai Garumele, kufai mai jan bulo wanda labarin baka ke cewa Sefawa sun yada zango a cikinsa bayan sun baro Kanem. A. D. H. Bivar da Peter Shinnie sun zagaya waɗannan wurare, suka buga bayaninsu a 1962. Graham Connah ya yi tono a Gazargamu a shekarun 1960, Anne Haour kuma ta yi nata a Garumele, ta fitar da sakamakon a 2008.

Jan bulon nan shi ne abin lura. A duk faɗin ƙasar Sudan ta tsakiya gini na ƙasa ne, tubali da yaɓe, daga Kano har Agadas. Gasa bulo yana cin itace mai yawa, yana cin hannu, yana bukatar wanda ya san wuta. Inda duk aka gan shi a wannan yanki, to mai iko ne ya zauna a wurin. Shi ya sa bin sawun bulo ya zama hanyar bin sawun sarauta daga Kanem har zuwa Barno. Kuma shi ya sa aka fi ɗibarsa, don bulo mai kyau ba ya rasa mai so. 

Abubuwan da ke cin waɗannan kufai sanannu ne ga duk ɗan yankin. Iskar hunturu tana tura rairayi ya binne abin da ke fili, ta kuma yashe abin da ke binne. Kogin da madatsun Tiga da Calawa suka sauya wa ɗabi'a tun daga can ƙasar Kano yakan ƙafe ya bar yashi, wata shekara kuma ya yi ambaliya irin ta 2019 da 2022 da ta tashi unguwanni da ƙauyuka a Diffa. Noman rani yana matsowa bakin ruwa da injin ban-ruwa da garma. Sai kuma yaƙi. Tun watan Fabrairu na 2015 da Boko Haram ta far wa Boso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, sansanoni suka tashi a gefen babbar hanya. Mai neman inda zai kafa bukka da yaransa ba a tambayarsa ko ƙasar da ya share tsohon gari ce, kuma bai kamata a tambaye shi ba. Nauyin yana kanmu, mu da muke da sararin tunani. Ra'ayina a wannan babi shi ne a auna waɗannan wurare yanzu, da kayan da hannu zai iya kaiwa gare su, kafin kowa ya yi zancen gyara ko sake gini.

Awon daga sama yake farawa, kuma wannan matakin ba ya bukatar kowa ya taka wurin da ake tsoro. Tsakanin 1960 da 1972 Amurka ta harba taurarin leƙen asiri da ake kira Corona, suka ɗauki hotuna fiye da 800,000 na doron ƙasa. A 1995 aka cire musu sirri, yanzu kowa na iya samunsu. Mafi kyawunsu suna nuna abin da girmansa bai wuce mita 2 ba. Amfaninsu a nan babba ne, domin sun kama yankin kafin farin shekarun 1970, lokacin da Tafkin Cadi ke da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000, kafin hanyar kwalta da faɗaɗar gonaki. Haka kuma akwai hotunan jirgin sama da hukumar taswira ta Faransa ta ɗauka a shekarun 1950. In aka ɗora tsohon hoto a kan na yau a kwamfuta, aka daidaita su da abin da ba ya gusawa, kamar mahaɗar rafi ko dutse, sai a ga ɓangaren ganuwar da ya ɓace, a ga inda tudun rairayi ya yi tafiya da nisan da ya ci. Ganuwar Gazargamu tana fitowa sarai a hoton tauraron ɗan'adam, zobe guda a tsakiyar daji, duk mai waya da intanet zai iya duba ta a daren yau. Ta irin wannan hanya, haɗe da tafiya da ƙafa, Carlos Magnavita na Jami'ar Frankfurt da abokan aikinsa na Cadi suka gano wuraren jan bulo da dama a Kanem cikin 'yan shekarun nan, suka yi tono a Tié, wani babban gida mai katangar bulo na ƙarni na 12 zuwa na 14, wanda suke ganin shi ne Njimi, babban birnin Kanem na farko a zamanin Musulunci.

A ƙasashen kurmi ana amfani da hasken leza daga jirgin sama don leƙa ƙarƙashin itatuwa, kamar yadda aka yi a Angkor ta ƙasar Kambodiya a 2012. Mu ba mu da kurmin da zai rufe mana ido, don haka wannan tsadar ba ta zama dole ba.

Matsalarmu ita ce yawancin abin da muke nema yana ƙarƙashin ƙasa. A nan ne na'urar auna maganaɗisu ta fi kowace amfani, kuma jan bulo kamar don ita aka yi shi. A cikin laka akwai ɓurɓushin ƙarfe ƙanana waɗanda ido ba ya gani. In aka gasa lakar ta wuce zafin digiri 600 ko kusa da haka, sannan ta huce, sai ɓurɓushin nan su jeru su fuskanci inda maganaɗisun duniya ya fuskanta, su daskare a haka. Bulo, da murhu, da matoyar tukwane, da wurin narkar da tama, duk suna riƙe da wannan ɗan ƙarfin har bayan ɗaruruwan shekaru. Na'urar tana jin bambancin da ke tsakaninsu da ƙasar da ke kewaye. Tana kuma jin rami ko gwalalon ganuwa da ya cike da toka da shara, don abin da ya cike shi ya bambanta da ƙasar asali.

Aikin kansa na haƙuri ne. Ana kafa turaku a yanka fili murabba'i-murabba'i, mita 20 ko 30 kowane gefe, a shimfiɗa igiyoyi masu alama. Mai ɗaukar na'urar sai ya cire duk wani ƙarfe da ke jikinsa: agogo, makulli, waya, bel mai kan ƙarfe, har takalmin da aka buga wa ƙusa. Sai ya riƙe sandar a tsaye, ya bi igiya da taku ɗaya, ba sauri ba nawa, ya kai ƙarshe ya juyo ta layi na gaba wanda ke nesa da na farko da rabin mita ko mita guda. Haka zai wuni. Ba ya ganin komai sai rairayi da ƙarangiya. Da dare in aka juye lambobin a kwamfuta, sai hoto mai toka-toka ya fito, ga layin katanga baƙi ƙirin, ga kusurwar ɗaki, ga ɗigo-ɗigon rumbunan ƙasa, alhali ba a sa shebur ko sau ɗaya ba.

An riga an gwada wannan a ƙasar Barno. A farkon shekarun 2000 masu bincike na Frankfurt da Jami'ar Maiduguri sun bi da na'urar a Zilum, arewa da Maiduguri, wurin da ido ke ganin fili ne kawai mai tsingaro. Hoton ya nuna gari mai faɗin kusan hekta 12 wanda aka kewaye da rami, shekarunsa kimanin 2,500. Wannan ya sa Zilum ta shiga cikin tsofaffin garuruwa masu kariya da aka sani a kudu da Sahara. In na'urar ta iya nuna ramin da ya cike, to fadar da aka gina da gasasshen bulo ba za ta ɓoye mata ba.

Akwai kuma na'urar rada mai tura igiyar rediyo cikin ƙasa ta saurari dawowarta. Ita tana ba da zurfi, abin da ta maganaɗisu ba ta bayarwa sosai. Busasshen rairayi irin na ƙasar Manga ya dace da ita ƙwarai. Amma a jiƙaƙƙiyar laka ta bakin kogi, ko a kwarin da ke da kanwa da gishiri, igiyar takan mutu kafin ta yi nisa. Wanda zai sayo kaya sai ya san ƙasar da zai yi aiki a kanta tukuna. Wani abu kuma da yaƙi ya jawo: kwanson harsashi da tarkacen ƙarfe suna rikita na'urar maganaɗisu, kuma filin da ake zargin an binne nakiya ba a tura ɗan kowa ya taka shi saboda tarihi.

Abin da ke tsaye a fili kuwa, guntun katanga ko tudun ganuwa ko masallacin da ake salla a cikinsa, hanyoyi biyu ake bi a ɗauki siffarsa. Ta farko ita ce na'urar leza da ake kafawa a kan ƙafa uku. Tana harba haske ya bugi bango ya dawo, ta lissafa nisan daga lokacin da ya ɗauka, tunda gudun haske sananne ne, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tana juyawa tana yin haka sau dubban ɗaruruwa a kowace daƙiƙa, kowane bugu ya zama ɗigo mai adireshinsa na tsawo da faɗi da bisa. A matsar da ita ɗaki-ɗaki, a haɗa ɗigon duka, sai ginin ya tsaya a kwamfuta da kuskuren da bai wuce 'yan milimita ba. Ƙungiyar Zamani ta Jami'ar Cape Town, ƙarƙashin Heinz Rüther, ta yi wa masallacin Jenne da na Jingarebar a Tumbuktu da cocin dutse na Lalibela irin wannan awo. Na'urar tana da tsada, ƙura da zafi suna wahalar da ita, in ta lalace kuma sai an fitar da ita waje.

Hanya ta biyu ita na fi so wa Diffa, wato awo da hoto. Asalinta abu ne da kowa ke ɗauke da shi a fuskarsa: ido biyu suna kallon abu ɗaya daga wuri biyu, shi ya sa muke gane nisa. Mai kyamara yakan zagaya katanga yana ɗauka taku bayan taku, kowane hoto ya maimaita kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Manhajar kwamfuta sai ta nemo tabo ɗaya, tsaga ko bakin bulo, a hotuna da yawa, ta lissafa inda kyamarar take a kowane ɗauka da inda tabon yake. Bangon ƙasa da na bulo suna da kyau a wannan aiki saboda kaushinsu, don kowane taƙi yana da alamarsa. Sai dai dole a ajiye sandar awo a cikin hoto, a kuma kafa wasu alamomi a ƙasa waɗanda safiyo ya auna matsayinsu da na'urar GPS mai daidaito, in ba haka ba za a sami siffa kyakkyawa wadda ba a san girmanta ba. A ɗauka da sassafe ko ranar da hazo ya rufe rana, don inuwa mai kaifi tana ruɗar manhajar. Wayar hannu mai kyamara mai kyau tana iya yin aikin katanga guda, kuma akwai manhajojin kyauta irin su Meshroom. Jirgi marar matuƙi zai iya yi wa gari sukutum a wuni ɗaya, amma a yankin da sojoji da 'yan bindiga duk suke amfani da shi, tashinsa sai da izinin hukuma a rubuce da sanin masu tsaro. Kafin a samu, ana iya ɗaura kyamara a doguwar gora a leƙa kan katanga.

Babban amfanin wannan awo yana fitowa ne in an maimaita shi. A auna bango bayan damina ta bana, a sake bayan ta baɗi, a ɗora ɗaya a kan ɗaya. Kwamfuta za ta nuna inda gindin ya zaizaye da santimita nawa, inda bangon ya fara yin ciki, inda bakan gizon rufi ya sauka. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19, mutane na kallo suna ɗauka da waya. Gini irin wannan yakan daɗe yana ba da alama kafin ya faɗi. Awo na shekara-shekara yana mayar da alamar ta zama lamba da za a ajiye a gaban hukuma da masu kuɗi, a ce ga abin da ya motsa, ga ranar da aka auna.

To amma kada a ɗora wa na'ura abin da ba nata ba. Awon da tela ya rubuta a littafinsa ba riga ba ne, sai an sami yadi da mai ɗinki. Cocin Notre-Dame na Paris ya ƙone ranar 15 ga Afrilu 2019. An yi sa'a wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya riga ya auna shi da leza, ya tara ɗigo kusan biliyan guda, kuma wannan ya taimaki masu gyara. Duk da haka sai da aka nemo kafintocin da suka iya sassaƙa itacen rufi da gatari irin na dā, da masu sassaƙar dutse, kafin a sake buɗe shi a Disamba 2024. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Tumbuktu. A 2012 masu ɗauke da makamai suka rusa hubbaren waliyyai. Da aka tashi mayar da su, an tattara tsofaffin hotuna da zane da awon harsashi, amma maginan garin, waɗanda suka gaji aikin kaka da kakanni, su suka ɗora guda 14 suka gama a 2015. A 2016 Kotun Duniya ta Hague ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 saboda rushewar.

A ƙasar Hausa ma mun ga haka tun kafin kwamfuta. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya da tef da takarda tare da matasan da ya horar. Da wannan awo aka gina kwafin Masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano a gidan tarihin gine-gine na Jos. Takarda ta ba da tsawo da faɗi. Yadda ake jera azara a ɗaure ta har baka ya haɗu a sama, da kwanakin da ƙasa za ta yi tana ruɓa da ciyawa kafin ta yi danƙo, da yadda ake dafa makuba a shafe bango, waɗannan daga hannun magina suka fito. Leza tana ganin fatar bango kawai. Ba ta san gara ta cinye azarar da ke ciki ba, Sarkin Magina kuwa yana ƙwanƙwasawa da hannu ya ji. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2013, yaɓen da ake sabunta mata ne ya tsayar da ita har yau. Duk shirin awon da bai ware kuɗin ɗaukar maganar tsofaffin magina da koya wa yaransu ba, ya bar rabin aikin.

Game da Gazargamu da Gambaru da Garumele, hukuncina shi ne kada a sake gina su. Masallacin da jama'a ke salla a ciki ana gyara shi, don rayuwarsa ke nan. Kufan da aka bari shekara 200 kuwa babu wanda ya san tsawon bangonsa, ko siffar rufinsa, ko inda tagoginsa suke. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta ce gyara ya tsaya daga inda zato ya fara, kuma wannan ƙa'ida ce mai kyau. Wanda ya zo da siminti da bulon zamani ya ɗora a kan harsashin Mai Idris don a sami wurin ɗaukar hoto ya binne shaidar da ta rage. Abin da kufai ke bukata kaɗan ne: a shata iyakarsa a taswirar hukuma, a hana ɗibar bulo, a karkatar da ruwa daga gindin katanga, a mayar da ƙasa a rufe ramin da aka tona, a biya mai gadi daga ƙauyen da ke kusa. Mai son ganin fadar a tsaye sai a gina masa ita a kwamfuta, inda kuskure ba ya rushe komai. A nan ma da sharaɗi. Abin da aka auna a ba shi launinsa, abin da aka ɗauko daga bayanin Denham ko Barth ko Imam Ahmad ibn Furtu a ba shi nasa, abin da aka yi zato a nuna zato ne. Yanzu da manhajoji ke iya zana birni mai ƙubbobi da hasumiyoyi cikin minti guda, yaro ɗan makaranta zai ɗauka hoton gaske ne in ba a gaya masa ba.

Saura tambayar wa zai riƙe abin da aka auna. Sau da yawa baƙi kan zo da kaya, su yi mako biyu, su tafi da bayanan, a bar wa 'yan ƙasa rahoto mai hotuna. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta ɗora kare kayan tarihi a kan hukuma, kuma ya dace duk izinin bincike ya ƙunshi sharaɗin ajiye ɗanyen bayanin, ba hoton ƙarshe kaɗai ba, a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da kuma Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a irin fayil ɗin da kowace manhaja ke buɗewa, don faifan ajiya yana mutuwa da zafi da ƙura cikin 'yan shekaru. Tunda kufan suna ɓangarori biyu na kogi, dole a yi musaya da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya da Jami'ar Maiduguri. Daular ɗaya ce, rabin taswira ba zai bayyana ta ba.

Amma ba kowane bayani ake bazawa ba. Nijar ta ɗanɗana wannan a Bura, can yamma a kwarin Kwara. An gano wurin a 1975, Boubé Gado ya yi tono a 1983, da aka baje kolin tukwanen da mutum-mutumin a Turai a shekarun 1990 sai 'yan sumoga suka yi wa yankin dirar mikiya, har kayan Bura suka shiga jerin kayan Afirka da aka hana saye a shekarar 2000. Taswirar da ta nuna daidai inda makabarta take jagora ce ga ɓarawo. Siffar katanga a nuna wa duniya, lambobin wurin da ba a tona ba kuwa su tsaya a hannun hukuma da hakimin yankin.

Wannan ya kawo mu ga mutanen da suka fi kowa sanin ƙasar. Kwalekwalen Dufuna, mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda shekarunsa suka kai 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka, wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya kusa da Komadugu Gana. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya kai labari, daga baya Peter Breunig da Abubakar Garba suka tono shi, yanzu yana Damaturu. Makiyayan N'Guelbély da Fulatari da Gudumariya suna bin dabbobi ta wuraren da mota ba ta shiga. Sun san kwarin da iska ta yaye bana ta fito da tsingaro da dutsen niƙa da kashin tama, wanda baɗi za ta sake rufewa. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin wannan. Da yawansu suna da waya, wayar kuma tana ɗaukar hoto ta rubuta wurin da aka ɗauka.

Don haka kirana ga malamai da ɗaliban Jami'ar Diffa, da sarakunan Manga da na Mobar da arɗo-arɗon Fulani, shi ne a fara da abin da ba ya jiran tallafin waje. A sauko da hotunan Corona na kwarin daga Maine-Sorowa zuwa Boso, a zana kowane zobe da kowane tudu. A buɗe rajista a ofishin al'adu na jiha inda makiyayi ko manomi zai kai labarin abin da ya gani ba tare da tsoron za a ƙwace masa gona ko rijiya ba. A koya wa ɗalibai awo da hoto a kan tsofaffin gidajen ƙasa da masallatan cikin gari, inda babu haɗari, domin ranar da hanyar Garumele ta yi lafiya a sami waɗanda suka iya. Kai kuma mai karatu, in ka ci karo da jan bulo a daji, kada ka ɗaga shi. Ajiye sandarka a gefensa don a gane girmansa, ka ɗauke shi hoto ta kowane gefe, ka kai wa mai gari labari.